Tuta da Rinji: Malam Yakubun Bauchi da Hannayen da Suka Ciyar da Daularsa

Duk wanda ya taso daga Fadaman Mada, ko wata unguwa ta bayan ganuwa, ya nufi cikin garin Bauchi, sunayen ƙofofi ne za su fara karanta masa tarihin mutumin da ya kafa garin. Ƙofar Tirwun na ɗauke da sunan mahaifar Malam Yakubu ɗan Dadi, Ƙofar Inkil kuwa na tuna wurin da ya zauna da jama'arsa kafin ya kafa birnin a 1809. Ganuwar da ya kewaye garin da ita ta haura kilomita 10. Yaran makaranta sun san wannan, sun san tuta, sun san yaƙe-yaƙe. Abin da ba a cika koya musu ba shi ne wane ne ya kwaɓa ƙasar ganuwar, wane ne kuma ya noma dawar da ta ciyar da malamai da mayaƙa har suka samu sukunin karatu da hawan doki. Yakubu gwarzon juyin juya hali ne, mai hangen nesa a sha'anin mulki, kuma masarautar da ya gina ta tsaya ne a kan gumin bayi a rumada, wato ƙauyukan da ake zaunar da su don noma. Labari ɗaya ne, kuma wanda ya ba da rabinsa ya ɓoye rabi bai yi wa Yakubu adalci ba, balle mutanen da suka yi masa noma.

Yakubu Bagere ne. A cikin manyan masu tuta da suka kafa masarautu a ƙarƙashin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shi ne wanda ba Bafulatani ba, kuma wannan kaɗai ya isa shaida cewa da'awar Shehu a farkonta ta ilimi ce, ba ta dangi ba. Tun yana yaro aka kai shi karatu, ya yi shekaru a Degel a gaban Shehu, sannan ya komo ƙasarsu yana karantarwa. Da jihadi ya tashi a 1804 ya karɓo tuta, ya haɗa Fulanin yankin da Gerawa da sauran waɗanda suka amsa kira, ya yi sarauta har rasuwarsa a 1845. Ikonsa ya kai Wase da Lafiya, har Turawa matafiya irin su Vogel, wanda ya zo a 1855, suka riƙa kiran birnin da sunansa, Yakoba. Babbar ranarsa ta zo a farkon 1827, lokacin da Shehu Laminu na Borno ya shigo da runduna ya tasam ma Kano. Yakubu ne ya tare shi a Fake ya kora shi gida. Da an ci Kano a wannan shekara, Allah kaɗai ya san yadda daular Sakkwato za ta kasance.

To amma me ya tayar da jihadin tun asali? Batun bauta yana tsakiyarsa. A ƙarshen 1803 mayaƙan Yunfa, sarkin Gobir, suka auka wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, suka kama Musulmi suka ɗaure. Da aka biyo da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su, kuma wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A cikin Wasiƙatu Ahlis Sudan Shehu ya haramta bautar da ɗa Musulmi, a Kitabul Farƙi kuma ya jero zaluncin sarakunan Haɓe, daga ƙwace dukiyar talaka har harajin da shari'a ba ta sani ba. Shi ya sa bayi da talakawa da makiyaya suka yi ta kwarara zuwa ga jama'a. Sai dai haramcin yana da iyaka. Ya kare Musulmi, ya kare wanda aka ƙulla amana da shi, ya bar wanda yake wajen waɗannan biyu. Ƙasar Bauchi kuwa a bakin wannan iyaka take. Kudu da yammacinta duwatsu ne cike da al'ummomin da ba su musulunta ba, irin su Jarawa da Sayawa da Angasawa da mutanen Dass. Abin da ya zama mas'alar littafi a Sakkwato, a Bauchi ya zama aikin kowace rani.

Yadda abin ke gudana sananne ne a duk faɗin daular. In an dawo daga yaƙi a raba ganima, a fitar da humusi, sauran a raba wa mayaƙa, kuma mafi tsadar ganimar mutane ne. Wasu a aika da su Sakkwato cikin gaisuwar shekara, wasu a kai kasuwa su bi ayari zuwa Kano ko su ƙetare Sahara, mata da yawa su shiga gidaje a matsayin ƙwaraƙwarai. Mafi yawa kuwa gona ake kai su. Sarki da hakimai da manyan malamai da attajirai kowa na da rinjinsa a kewayen birni, inda bayi ke zaune a ƙarƙashin sarkin gandu suna noma gero da dawa da auduga da baba. Hatsin ya cika rumbunan fada, ya ciyar da dawaki da baƙi da almajirai, audugar ta tafi wurin masaƙa, baban ya tafi marina. Bature matafiyi Clapperton, wanda ya zauna a Sakkwato a zamanin Muhammadu Bello ya kuma rasu a can a 1827, ya ga irin waɗannan gonaki da idonsa. A Kano akwai Fanisau, ribaɗin da ya zama cibiyar gandayen sarki. Wani Bature matafiyin, Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa bayin ƙasar sun yi kusan yawan 'ya'ya. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya ƙiyasta bayin daular a wajen 1900 tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Don a gane girman adadin, Amurka a ƙidayar 1860, tana gab da yaƙin basasarta, tana da bayi kusan miliyan 4.

Ambaton Amurka a nan ba ado ba ne, domin zamanin ɗaya ne. Lokacin da Yakubu ke aza harsashin Bauchi a 1809, a shekarar ce Thomas Jefferson ya sauka daga shugabancin Amurka, mutumin da ya rubuta takardar 'yancin kan ƙasarsa a 1776 alhali ya mallaki bayi sama da 600 a tsawon rayuwarsa. George Washington ya rasu a 1799 da bayi 317 a gonarsa ta Mount Vernon. A 1804, shekarar hijirar Shehu, bayin Haiti suka kammala korar Faransa suka kafa ƙasarsu. Duniya a lokacin cike take da masu kiran adalci, kuma a wurare da dama mai kiran shi ne mai gonar. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Karatu mai zurfi da jagorancin jama'a da sayen doki suna bukatar wanda ya huta da fartanya, kuma inda ƙasa ke da yalwa mutane ke da ƙaranci, arziki yana hannun wanda ya mallaki hannayen noma.

Za a ce ai bai kamata a auna mutumin ƙarni na 19 da mudun yau ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai nemi Yakubu ya yi tunanin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai ba mu bukatar aron mudu, don mutanen zamanin sun bar mana nasu. Tun 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta Mi'irajus Su'ud yana kafa sharuɗɗan wanda ya halatta a bautar da wanda bai halatta ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu, ya bar rundunar a 1807 ya nufi gabas cikin ɓacin rai, don ya ga abokan gwagwarmaya sun karkata ga tara dawaki da ƙwaraƙwarai da sarauta. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, kuma kukan nasa yana nan a Tazyinul Waraƙat. Shehu Laminu na Borno, a wasiƙun da Bello da kansa ya adana a Infaƙul Maisur, ya tuhumi masu jihadi da kama Musulmi. Abdussalami ma, wanda saboda mutanensa aka fara faɗan, ya yi tawaye a Kware aka kashe shi a 1818. Tambayar ko an ƙetare haddi a wajen kamun mutane tsohuwa ce, kuma malaman jihadin ne suka fara yin ta.

In aka auna Yakubu da wannan mudu, abin yabonsa mafi girma shi ne amana. Ya gane cewa ba za a ci kowane dutse da takobi ba, don haka ya ƙulla yarjejeniya da al'ummomi da dama, su biya jizya, a bar su da addininsu da sarakunansu. Kasancewarsa ɗan ƙasa, wanda ya san harsuna da al'adun maƙwabtansa, ya taimaka masa. Amma amanar tana da nata ciwon, domin wani lokaci abin da ake biya mutane ne, sai ƙauye ya auka wa ƙauye don ya cika adadin da aka yanka masa. Ga kuma matsalar da ke cikin tsarin kansa: fada na bukatar sabbin hannaye kullum, hakimai na bukatar ganima don su riƙe barorinsu, kuma duk ƙabilar da ta musulunta ko ta shiga amana ta fita daga cikin waɗanda za a kama. Ke nan maslahar da'awa da maslahar rinji suna jan igiya ɗaya ta fuska biyu. Bayan Yakubu igiyar ta tsinke. A zamanin ɗansa Ibrahim, wanda ya yi sarauta daga 1845 zuwa 1877, Malam Hamza da almajiransa suka baro ƙasar Kano suka shiga duwatsun Ningi, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da Pa'awa, suka addabi Bauchi da Kano shekaru da dama, su ma suna kama mutane. A 1900 Sarkin Bauchi Umaru ya ci Gwaram, garin Musulmi, aka kashe na kashewa aka bautar da na bautarwa. Wannan ne Turawan Ingila suka riƙe hujja da suka shigo Bauchi a Fabrairun 1902 suka tuɓe shi. Jihadin da ya faro da kwance ɗaurarrun Gimbana ya zo ƙarshe a Bauchi da ɗaure mutanen Gwaram.

Hujja ta biyu da ake yawan kawowa ita ce bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce, ba irin ta gonakin audugar Amurka ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma bai kamata a raina ta ba. Bawan rinji yana da gayaunarsa da yake nomawa bayan ya tashi daga gandu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta bayyana yadda bayin gidansu ke aikin ubangiji daga hantsi zuwa azahar, sauran yinin nasu ne. Akwai murgu, inda bawa ke neman na kansa yana biyan ubangijinsa wani abu, akwai fansa, akwai 'yantawa don kaffara ko neman lada. Ƙwarƙwarar da ta haihu ba a sayar da ita, ɗanta kuma ɗa ne, yana iya zama sarki. Bayin fada sun riƙe sarautu, wasu talaka ɗa na rusuna musu. Duk wannan ya faru. Amma wannan sauƙi na wanda ya riga ya zauna ne, musamman bacucane da aka haifa a gida. Kafin a kai ga gayauna akwai daren da aka ƙone ƙauye, akwai mazan da aka kashe, akwai uwar da aka raba da ɗanta a kasuwa. Hujja mafi ƙarfi kuwa ta fito daga bayin da kansu: da Turawa suka karya ƙarfin sarakuna, dubun dubatarsu suka bar rumada suka nufi garuruwansu na asali ko suka kafa sabbin ƙauyuka. Wanda yake jin daɗin wuri ba ya gudu da zarar an buɗe ƙofa.

Kada kuma a ɗauka Turawa sun zo da 'yanci a aljihu. Dokar Gwamna Lugard ta 1901 ta hana kamu da ciniki, ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, amma ta bar waɗanda ke hannu a hannun iyayengijinsu, aka tura su kotun alƙali su fanshi kansu. Gwamnatin mulkin mallaka na tsoron kada noma ya durƙushe, sarakunan da take mulki ta hannunsu su talauce. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa.

Akwai masu tsoron cewa tono wannan zance zai ba maƙiya sarauta da maƙiya Musulunci makami. Tsoron ba na banza ba ne a jihar da ta ga rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 da waɗanda suka biyo baya. Sai dai shirun bai hana komai ba. Jikokin waɗanda aka kai wa hari ba su manta ba, suna ba 'ya'yansu labarin a gida, kuma takaddamar sarauta da filaye a kudancin jihar tana da saiwa a wancan ƙarni. In malaman birni suka ƙi faɗin tarihin da ilimi da adalci, ɗan siyasa zai faɗe shi da wuta a bakin akwatin zaɓe. Bayan haka, wa ake karewa? Jinin waɗanda aka kamo yana gudana a gidajen sarauta ta wajen iyaye mata, yana gidajen malamai, yana unguwannin da suka bazu a kan tsoffin gonakin bayan gari. Babu wani Babaushe da zai rantse cewa kakanninsa duka a gefe ɗaya suke.

Bauchi ma ta riga kowa buɗe wannan baki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda mahaifinsa Bagere ne kamar Yakubu kuma ya yi barantaka a gidan hakimin Lere, ya rubuta Shaihu Umar aka buga a 1934, shekara 2 kafin a soke bauta, labarin yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita a hamada. Mutumin nan ne ya miƙe a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara mulkin En'e, ya kuma zama Firayim Minista. Aikin da ya rage na masana tarihi ne a jami'o'in jihar. Rajistocin fansa na kotunan alƙalai suna ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, da sunayen bayi da ƙabilunsu da kuɗin da suka biya, kuma a ƙauyukan da ke kewaye da Bauchi har yanzu akwai tsofaffin da suka ji labarin rinji daga bakin kakannin da suka yi noma a cikinsa.