Tsatsa, Tutiya da Maƙeran Ƙasar Kazaure

Tun zamanin da Ɗan Tunku ya kafa daularsa a Kazaure, wajen shekara ta 1819, yana fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har zuwa lokacin da Nasara suka ci ƙasa, babu mashi ko garma a wannan yanki face sai da suka bi ta hannun maƙeri, wanda kan karɓi ƙarfen da aka narko daga tama, ya sa a wuta, yaro na zuga, ya ɗora bisa uwar maƙera ya yi ta duka da masaba har ya fitar da surar da yake nufi. Maƙeran baƙi ke nan. Maƙeran fari kuwa, masu aikin azurfa da tagulla, sha'aninsu ado ne, ba noma ko yaƙi ba.

Abin lura shi ne, mutanen dauri ba su ɗauki tsatsa a matsayin babbar musiba ba, domin ƙasar busasshiya ce, damina ba ta wuce wata huɗu, fartanyar da ke shiga ƙasa kullum kuwa yashi ne ke wanke ta. Takobi a shafa masa mai a mayar kube, shi ke nan. Saboda haka hikimar lulluɓe ƙarfe da wani ma'adini don kariya ba ta zama sana'a a wurinsu ba, alhali ana narka kuza a Riruwai ta ƙasar Kano tun kafin zuwan Turawa.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai al'amari ya sauya, gama tarkacen ƙarfen Turawa ya yawaita, ya fi na tama araha, har aikin narka tama, mai cin gawayi da ƙarfin mutane, ya mutu sannu a hankali. Tare da jirgin aka ga kwanon rufi da bokiti masu ƙyalli, waɗanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya bisa dabarar da wani Bafaranshe, Sorel, ya yi wa rajista a 1837. Sirrinta kuwa abin mamaki ne: tutiya ita ke fara ciwuwa, ta fanshi ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ko da an karce ta.

Sa'an nan mota ta zo, musamman bayan da aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975, a-kori-kura ta cika hanyar Kano zuwa Daura, da ta Babura mai fita Nijar, da hanyoyin burji na Roni da Gwiwa. Masu ƙera mota sun bambanta kariya gwargwadon aikin kowane ƙarfe: kusoshi da noti a ba su tutiya, sifirin kuwa galibi fenti ake yi masa, saboda ƙarfe ne mai tauri ƙwarai, wankan tutiya da lantarki na iya sa shi ya tsage farat ɗaya. A ganina, a ƙasarmu rami da lodi fiye da kima sun fi tsatsa karya sifirin nesa ba kusa ba. Muguwar tsatsar da bakanike kan tarar a ƙarƙashin motocin Kwatano ma baƙuwa ce, daga Turai ta taho, inda ake watsa gishiri bisa titi don narkar da ƙanƙara.

Idan sifirin ya karye, maƙera yake komawa, don maƙeri bai san ƙarfen da ya fi shi riƙe kaifi a adda da wuƙa da gatari ba, gindin motar kuma ya zama amalanken shanu. Sai dai a yi hattara: ƙarfe mai tutiya in ya shiga wuta yakan tayar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ya kai maƙeri, kada ka bar yaron zuga ya shaƙe shi.