Yadda ake auna lafiyar katin ƴan ƙwallo kafin ciniki

Katin ƴan ƙwallo ƙaramin kwali ne mai hoton ɗan wasa, da masu sha'awa ke saye suna ajiyewa. Kuɗinsa ya dogara da lafiyar jikinsa. Kamfanin PSA na Amurka, da aka kafa a 1991, yana ba kati maki 1 zuwa 10 bayan duba abu huɗu: kusurwoyi, gefuna, fuskar katin, da zaman hoton a tsakiya. Lanƙwasa guda ko tabon ruwa kan karya farashi. Bayan awo, ana rufe katin cikin roba mai lamba. A 2022, katin Pele na 1958 mai maki 9 ya kai dalar Amurka miliyan 1.33. Mai kati ya tsare shi daga danshi, rana da gara.