Bayan Danne Ƙwayar HIV: Sauran Cututtukan da ke Addabar Masu Shan Magani a Ƙasashe Masu Arziki da Matalauta

Tun daga 1996, lokacin da aka fara haɗa magunguna uku don danne ƙwayar HIV, masu ɗauke da ita suka fara tsufa kamar kowa, cututtukan tsufa kuma suka biyo su. Wannan maƙala ta bi diddigin wasu bincike da aka gudanar a Turai da Afirka, domin gano cututtukan da ke damun manya masu shan magani a kowane ɓangare, da abin da ya sa hoton ya bambanta.

A Holan, binciken AGEhIV da aka gudanar a Amsterdam ya kwatanta masu HIV da suka kai shekara 45 da tsararrakinsu marasa ita. Rahoton 2014 ya nuna hawan jini da bugun zuciya da ciwon ƙoda sun fi yawa a cikin masu ƙwayar, duk da cewa akasarinsu magani ya danne musu ita. Wani hasashe da aka buga a 2015 ya ce nan da 2030 kashi 73 cikin ɗari na masu shan maganin HIV a ƙasar za su kai shekara 50, kashi 84 kuma za su kasance da aƙalla cuta ɗaya marar yaɗuwa. Dalilan sun haɗa da shan taba, da illar wasu magunguna, da kumburin cikin jiki da ba ya lafawa ko bayan an danne ƙwayar. A ƙasashe masu arziki ana awo, ana kuma neman mafita: gwajin REPRIEVE na ƙasa da ƙasa na 2023, mai mutum 7,769, ya nuna maganin rage kitsen jini na pitavastatin ya rage manyan matsalolin zuciya da kashi 35.

A Afirka kudu da Sahara kaya biyu ne a kai. Tarin fuka har yanzu shi ne ya fi kashe masu HIV, sanƙarau ɗin da ƙwayar kiriptokokas ke kawowa yana kama waɗanda suka zo asibiti a makare, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace mai HIV ta ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin sankarar bakin mahaifa. A kan waɗannan ne hawan jini da ciwon suga suka zo suka hau.

Maganin ma yana da nasa hannu. Dolutegravir, wanda hukumar ta fifita tun 2019, yana danne ƙwaya da sauri, amma gwajin ADVANCE a Johannesburg da na NAMSAL a Yawunde sun nuna yana tafiya da ƙarin ƙiba, musamman ga mata. Matar da ta rame a da, idan ta ga ta murmure, dangi sai barka. Likita kuwa sugan jininta yake tunani. Ga batun ƙoda, Afirka ta Yamma tana da nata ƙarin haɗari, saboda wasu nau'o'in ƙwayar gado ta APOL1 da suka yawaita a yankin. Binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da Jami'ar Vanderbilt, kan masu shan magani fiye da dubu biyu, ya nuna masu nau'in haɗarin sun fi samun alamun lalacewar ƙoda.

A nan ya kamata mai nazari ya yi hattara da alƙaluma. Idan rahoto ya nuna ciwon suga ko kitsen jini bai kai na Turai yawa ba, wani ɓangare na dalilin shi ne majinyatan Afirka sun fi ƙuruciya, wani kuma shi ne ba a auna ba. A asibitoci da dama mutum zai miƙa kati, a ɗibi jininsa don ƙidayar ƙwaya, a ba shi maganin wata uku ko shida kyauta da tallafin shirin PEPFAR na Amurka ko Asusun Duniya. In jininsa ya hau, sai a tura shi wani sashe, wata rana daban, da sabon layi da sabon kuɗin mota, maganin kuma daga aljihunsa. Da yawa ba sa komawa sai ɓarin jiki ya shanye.

An gwada gyara wannan. Gwajin INTE-AFRICA, a cibiyoyin lafiya 32 na Uganda da Tanzaniya, ya haɗa kulawar HIV da hawan jini da ciwon suga a ɗaki ɗaya, rahoton 2023 kuma ya nuna danne ƙwayar bai ja baya ba. Nijeriya, wadda ƙidayar NAIIS ta 2018 ta ƙiyasta masu HIV a cikinta da kusan miliyan 1.9, tana da cibiyoyi da ma'aikatan da za su iya wannan aiki. Ya rage ga ma'aikatun lafiya na tarayya da na jihohi su sa awon hawan jini da na suga da na fitsari cikin kowace zuwa karɓar magani, su kuma shigar da magungunansu cikin inshorar lafiya.