Tamar Wadi Shati da Zinaren Jado: Wa Ke da Ƙasa?

Tun zamanin da ayari ke bi ta Kawar da Murzuk zuwa Tarabulus, madugu ya san ba a wuce rijiya sai an daidaita da masu ita. Harkar ma'adinai a yankin nan ba ta kauce wa wannan ƙa'ida ba.

Arewa da Sabha, a Wadi Shati, akwai tama jibge, amma babu abin kai ta bakin teku. A 2008 gwamnatin Gaddafi ta ba wani kamfanin China kwangilar layin dogo mai kimanin kilomita 800 zuwa Misrata. Yaƙin 2011 ya tsayar da aikin, masana'antar ƙarfe ta Misrata kuwa ta ci gaba da sayo tama daga ƙetare.

Shi zinare bai jira jirgi ba. Da ya ɓulla a Jado, arewacin Nijar, a 2014, Hilux ce ta riƙa kai mahaƙa da mai da abinci. Sai gardama ta taso: ƙasar ta Tubawan da suka gaje ta ce, ko ta baƙin da ke haƙa, ko ta hukumar Yamai? A 2017 gwamnati ta rufe Jado, kasuwarta ta watse. A Kuri Bugudi ta Chadi ma, faɗan mahaƙa a Mayun 2022 ya ci rai kusan 100.

Saboda haka, 'yan'uwa na Mahdiya, kafin mu yi lodi zuwa sabuwar mahaƙa, ko mu ba da kaya bashi, mu fara sanin wanda ya ba da filin, da masu rijiyoyin da ke kan hanya.