Tarihin Ƙidayar Yara Masu Cutar Fenilketonuriya

Fenilketonuriya cuta ce ta gado da ke hana jikin yaro sarrafa wani sinadari da ke cikin nama da madara da ƙwai, sai ya taru ya illata ƙwaƙwalwa. Likita Asbjørn Følling ne ya gano ta a Oslo a 1934, bayan wata uwa ta kawo masa 'ya'yanta biyu masu raunin ƙwaƙwalwa tana kuka da warin fitsarinsu. Ya bi gidajen kula da masu irin wannan lalura, ya gwada mutum 430, ya samu takwas.

Shekaru da dama haka ake ƙidayar: a lissafa masu cutar a irin waɗannan gidaje, sannan a kintaci yawansu a ƙasa. Hanyar gurguwa ce, domin yaron da ya rasu da wuri, ko wanda iyaye suka ɓoye a gida, ba ya shiga lissafi. Akwai kuma ƙa'idar da Hardy da Weinberg suka fitar a 1908, wadda ke nuna cewa idan yaro 1 cikin 10,000 ke da cutar, to kusan mutum 1 cikin 50 na ɗauke da ƙwayarta alhali lafiyarsa lau. Sai dai ƙa'idar ta ɗauka cewa kowa bare yake aura. Inda auren zumunci ya yawaita, kamar ƙasar Hausa, lissafin na karkacewa, kuma tun 1902 Archibald Garrod ya lura da yawan 'ya'yan irin wannan aure cikin masu wata cutar gado.

A 1953 Horst Bickel ya nuna a Birmingham cewa abinci na musamman na rage illar, sai gano cutar da wuri ya zama da amfani. Robert Guthrie na Amurka ya ƙirƙiro gwajin ɗigon jini daga diddigen jariri a kan takarda, jihar Massachusetts ta wajabta shi a 1963. Daga nan ƙasashe da dama suka koma gwada kowane jariri, kintace ya kau a cikinsu.

Sakamakon ya bambanta ƙwarai: kusan 1 cikin 4,500 a Ayalan, ƙasa da 1 cikin 100,000 a Finlan, Turkiyya kuwa na cikin mafi yawa. Gwajin ya kuma tono jarirai masu nau'i mai sauƙi, waɗanda wasu ƙasashe ke lissafawa, wasu ba sa yi, shi ya sa kwatanta alƙaluman ƙasa da ƙasa ke buƙatar hattara.