Dajin Yankari: Daga Hannun En'e Zuwa Hannun Gwamna

Mutane da yawa sun ɗauka Yankari tun fil'azal na gwamnatin tarayya ne. Alhali kuwa mai riƙonsa na farko hukuma ce ta gida, wato En'e ta Bauchi.

Tun a 1934 wani kwamiti ya ba gwamnatin Arewa shawarar a keɓe daji don namun dawa a ƙasar Bauchi, maganar ta yi ta kwanciya har 1956 kafin a amince. A 1957 aka yanke wannan yanki da ke kewaye da kogin Gaji, aka sa shi cikin gandun dajin En'e. Wurin ya dace, domin kusan babu mazauna a cikinsa a lokacin, ko da yake rijiyoyin Dukkey da tsofaffin matoyar ƙarfe da ke ciki shaida ne cewa mutane sun taɓa yin zama a nan. Ranar 1 ga Disamba 1962 aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma ruwan ɗumin Wikki, wanda ba ya sauya zafinsa rani da damina, shi ya fi jan baƙi tun daga farko.

A tsarin En'e, sarki da hakimai da dagatai su ne idon hukuma. Maharbin da ya ratsa iyaka, mai unguwarsa ya san shi, ya san gidan ubansa. Tsarin yana da nasa zaluncin, wannan ba a musu, amma mai tsaron daji da mai shari'a da mai laifi duk 'yan ƙasa ɗaya ne.

Da aka ƙirƙiro jihohi, dajin ya koma hannun Jihar Arewa Maso Gabas, sannan Jihar Bauchi a 1976, shekarar da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul. A 1991 gwamnatin soja ta mayar da shi gandun dajin ƙasa ƙarƙashin doka mai lamba 36. Kowane sauyi ya ƙara nesanta mai yanke hukunci da mutanen Mainamaji da Duguri da sauran ƙauyukan da ke bakin dajin. Ana cikin wannan miƙe-miƙe raƙumin dawa ya ƙare a Yankari, kyarkeci ya bi shi, wasu nau'o'in barewa ma aka daina ganinsu.

A 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, gwamnatin Obasanjo ta mayar wa Bauchi dajinta. A shekarar ce kuma aka kawo dabbobi sama da 250 kyauta daga Namibiya, cikinsu har da raƙuman dawa da jakunan dawa, aka zuba su a dajin Sumu, cikin ƙaramar hukumar Ganjuwa. An yi murna, kuma duk wanda ya kai yara Sumu ya ga yadda suke tsalle in sun hango dogon wuya ta saman itatuwa ba zai raina abin ba. Sai dai a kira abu da sunansa. Wannan kawo baƙi ne, ba dawo da 'yan gida ba. Jakin dawa ba dabbar dazukanmu ba ce, raƙumin dawan Namibiya kuma jinsinsa daban da wanda kakanninmu suka sani.

Maƙwabtanmu na Nijar sun bi wata hanyar. A 1996 raƙuman dawan Afirka ta Yamma 49 kacal suka rage a duniya, duk a yankin Kure kusa da Yamai, suna kiwo a tsakanin gonakin mutane. Aka sa mutanen ƙauyukan cikin harkar, 'ya'yansu suka zama masu yi wa baƙi jagora, suna samun abin sawa a baka. Kafin 2018 adadin ya haura 600. A ƙarshen shekarar aka ɗauki takwas a mota, tafiyar kilomita sama da 800, aka kai su dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda suka ɓace kusan shekara hamsin kafin nan. Sai da aka tsare abin da ke hannu tukuna aka yi maganar mayarwa.

A Yankari kuwa shekarun farko bayan 2006 sun yi wa giwaye tsanani. Masu neman haure suka yi ta kashe su, masu gadi ba isassun kayan aiki, alawus ɗin sintiri yau akwai gobe babu. Sai a 2014 gwamnatin jihar ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, aka horar da masu gadi, aka riƙa biyansu haƙƙin sintiri, aka ɗaura wa wasu giwaye na'ura a wuya don a san inda garke ya nufa. Daga 2015 aka shafe shekaru ba a samu rahoton kashe giwa ba. Kiyasin waɗanda suka rage 100 ne zuwa 150, ga bauna da gwanki da kanki da dorina, ga tsirarun zakuna.

Abin da har yanzu yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne matsayin ƙaramar hukumar Alkaleri, wadda mafi yawan dajin ke cikinta. In giwa ta kwana a gonar dawa ta tattake noman shekara, manomi wurin dagaci yake fara kai kuka, daga nan hakimi, daga nan sakatariya. Amma ikon dajin da kuɗin shigarsa suna Bauchi. An ɗauki wasu mutanen ƙauyukan aikin gadin giwaye, su ke shelar zuwan garke su kora shi da ƙara da fitila kafin ya kai ga hatsi, kuma sau da yawa manomin da aka yi wa ɓarna bara shi ne ke tsaye a bakin gona da tocila har asuba.