Rikodar Da Ke Ƙarƙashin Gado

Uwargida, leƙa ƙarƙashin gadon mahaifiyarki ko saman kabad, da wuya ki rasa wata tsohuwar rikoda, National ko Sharp, an lulluɓe ta da ɗankwali. In kin tambaya a ce miki ta mutu. To ni dai na ce yawancinsu ba mutuwa suka yi ba, roba ce ta tsufa.

Shi kaset, kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi a 1963, ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 94. Burinsa a sami abin da zai shiga aljihun riga. A wajenmu kuwa sai bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 rikoda ta cika gidaje, alhazai ma suka riƙa dawowa da ita tsaraba. Daga nan matar kulle ta samu abokiyar hira. Tana tuƙa tuwo Barmani Choge na tashi, maigida ya dawo ya sa Shata, da azumi a saurari tafsiri. Wanda bai iya rubutu ba ya yi magana a kaset, a kai wa ɗan'uwansa Makka ko Kumasi.

Cikinta ba wani tsafi. Ɗan inji ne ke juyawa, bel na roba ya ja wani siririn ƙarfe, ƙarfen da wata 'yar tayar roba su matse zaren kaset su wuce da shi ta gaban hed, santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. Saurin nan ya sauya ko kaɗan, sai ki ji mawaƙi kamar mai mura. Bel ya saki, murya ta ja. Tayar ta yi santsi, zare ya naɗe, a ce rikoda ta ci kaset. Kaset mai lamba 120 ya fi kowanne shan wannan wahala don zarensa ya cika siranta, shi ya sa masu wayo suka tsaya kan 60 da 90.

Mata kuwa a lokacin ba sa jiran mai gyara. A zura biro a naɗe zare, in ya tsinke a liƙe da jan farce, ko da yake salatif ya fi. Hed ya yi ƙura da hunturu, a naɗa auduga a tsinke, a tsoma a sifirit a goge. Man keken ɗinki ne dai wasu suka yi ta ɗiga wa roba, suka kashe ta da hannunsu. Sai abu ya gagara ake kai wa masu gyaran rediyo, su sa sabon bel, su murɗa ɗan kusan da ke gefen hed har murya ta washe.

Yau rikodar da ta shekara 20 a ajiye, bel ɗinta ya narke ya zama baƙi kamar kwalta, batirin da aka manta a ciki ya zubar da ruwa. Ni na yi wautar sa kaset ɗin muryar kakata a irin wannan, ta tauna kusan kamu biyu, gaisuwar farko ta tafi ke nan. Don Allah 'yar'uwa ki fara kai ta gyara, ki gwada da kaset ɗin da ba ki damu da shi ba. Na muryar iyaye kuma ki ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa don kada a yi ɗauka a kai, ranar da ya yi magana ki ajiye waya kusa ta naɗa.